Sabbin wasannin kwaikwayo: tambayoyin da ake yawan yi muna a Maradi da amsoshinsu

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Duk sadda ƙungiyarmu ta gama wasa, ko a gidan matasa ne ko a filin wata lakwal, tambayoyi kusan iri ɗaya ke dawowa, wasu a baki tun ba mu naɗe tabarmi ba, wasu kuma daga baya ta WhatsApp. Shi ya sa na ce bari in tara su waje guda in amsa iyakar sanina. Ra'ayina ne, akwai abokan aiki da ba mu yarda da juna ba a kan wasu abubuwan, kuma ba komai.

In kun ce sabon wasa me kuke nufi? Ai ko wane wasa kuka yi yau sabo ne.

Muna nufin wasan da wani ya zamna ya rubuta shi tun daga farko har ƙarshe, da maganar kowane ɗan wasa a takarda, kuma marubucin mutumin zamaninmu ne, shina raye ko bai daɗe da rasuwa ba. Yadda munka gada a nan Nijar daban ne. Tun zamanin samariya lokacin Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, yawancin ƙungiyoyin teyatur na Hausa labarin kawai ake tsarawa, a ce kai ne alhaji, ke ce uwargida, ga abin da zai faru, sai kowa ya cika da bakinshi. Kuma wallahi an yi gwanaye a haka, duk wanda ya taso shina kallon su Yazi Dogo a tele ya san ba wasa ba ne. Matsalar guda ce, in ƴan wasan sun tsufa ko sun rasu wasan ya tahi da su, wata ƙungiya a Tasawa ko Dakoro ba ta da abin da za ta ɗauka ta sake yi. Rubutaccen wasa shi kam shina tsayawa.

Ga finafinan Kano, ga TikTok a waya, wa zai bar wannan ya zo ya zamna ƙasa kallonku?

Suna zuwa, ɗan'uwa. Ni ma ina kallon fim ɗin Kano kuma ban raina shi ba. Amma fim kai kaɗai ne da wayarka, in ya ƙare ka kashe ka kwanta. Wasan daɓe kuwa maƙwabcinka na gefenka, surukarka na can bayan mata, mai unguwa na gaba a kan kujera, sai a faɗi wata magana a tsakar fili wadda kowa ya san gaskiya ce amma ba mai iya faɗinta a gida. Dariyar da ake yi a lokacin daban take, kuma gardamar da ke biyo baya a fada da dare ita ce rabin wasan. Waya ba ta ba da wannan.

To yaya kuke gane wasan da ya cancanci a wahala a kanshi?

Wagga ita ce tambayar da ta fi kowace, bari in daɗe a kanta.

Abu na farko ba mu yanke hukunci da karatun ido. Wasa ba littahin hira ba ne, don kunne da jiki anka yi shi. In rubutu ya zo muna yin fotokopi, mu raba wa mutane, mu zamna ƙarƙashin bedi bayan la'asar a karanta da ƙarfi, kowa da nashi mutum. Ni a lokacin ba takarda nike kallo ba, mai dafa muna shayi nike kallo. In ya ɗaga buta zai zuba sai ya tsaya da ita a sama shina jiran ya ji amsar da yarinyar za ta ba ubanta, na san wurin nan na da rai. In kuwa ya ci gaba da juye shayinshi daga kofi zuwa kofi, masu karatu sun fara duba waya kafin layinsu ya zo, to shafin ya mutu ko da Hausar cikinshi ta kai zuma daɗi.

Na biyu, kuma nan ne mafi yawan rubutun da ke zo muna ke faɗuwa, dole kowane ɓangare ya zamo da gaskiyarshi. Misali a ce wasa a kan yaro da ke son tahiya Libiya ta Agadas, uban ya hana. In an yi uban mai hankali tsantsa yaron kuma wawa, ko yaron jarumi uban azzalumi, minti goma ƴan kallo sun gane inda aka dosa, sauran duk jira ne. Amma a ce gonar gado ce anka raba tsakanin ɗiya tara har rabon yaron bai kai ya ciyar da shi wata ukku ba, ga yarinyar da yake so an ba shi wa'adi, shi kuma uban ya riga ya yi zaman makokin ɗan ƙanenshi da ya tahi bai dawo ba, ko gawa ba a gani ba. Yanzu wa za ka ba gaskiya? Sai ka ga fili ya rabu biyu, tsofaffi na gyaɗa kai in uban ya yi magana, samari na tafi in yaron ya maida. Irin wanga wasan shi ne ya cancanci wata biyu na repetisiyo, wato gwajin wasa.

Na ukku harshe. Ka rufe sunayen da ke gefen takarda da hannu, ka karanta layi ɗaya, in ba ka iya cewa wannan tsohuwa ce ta yi maganar ko ɗan kabu-kabu, marubucin bai gama aiki ba. Dillaliya a babbar kasuwa ba ta magana irin ta mushe mai koyarwa a lakwal, wanda ya yi shekaru a Legas bakinshi ya canza, Bagobirin Tibiri da mutumin Kano in sun buɗe baki ka san kowa. Sau da yawa sai ka ga kowa a wasan na magana da bakin marubuci, jimla doguwa mai tsabta kamar ana karanta labaru a rediyo.

Sannan a riƙa yin abu, ba faɗi kawai ba. Mace ta tsaya ta ce raina ya ɓaci ƙwarai da abin da mijina ya yi mini, wannan rahoto ne. Amma ta kawo mishi tuwo ta aje, ta ɗauke ruwan wanke hannu ta koma ɗaki ba ta ce uffan ba, duk matar da ke wurin ta gane, mazan ma sun gane. Marubucin da ya san wannan shi ne ya san daɓe.

Wasannin faɗakarwa da ƴan proje ke biya fa, su ba sabbin wasa ba ne?

Sabbi ne, kuma ba zan zage su ba don su ne ke riƙe da ƙungiyoyi da yawa, wasu ma da kuɗin ne sunka sayi sono. An yi aikin alheri da su a kan rigakahi da tamowa da sa ɗiya mata lakwal. Abin da ke damuna shi ne yadda sunka saba muna da wani gini guda: jahili ya ƙi, bala'i ya same shi, ma'aikacin lahiya ko mai gari ya zo ya yi bayani, jahili ya tuba, a yi waƙa a tashi. Mutanen ƙauye sun haddace wanga tsari, suna kallo don nishaɗi amma sun san ba da su ake ba, don dalilin da ya sa mutum ya ƙi ba a taɓa shi ba sam.

Akwai hanyar da ta fi. Augusto Boal na ƙasar Birazil ya fito da salon da ake tsaida wasa a tsakiya a ce wa ɗan kallo zo ka shiga madadin wance ka nuna muna yadda za ka yi. Prosper Kompaoré da ƙungiyarshi ta teyatur ATB (Atelier Théâtre Burkinabè) da ya kafa a Wagadugu a 1978 sun daɗe suna aiki da irin wannan a ƙauyukan Burkina. Ko a nan in za a yi faɗakarwa gara a yi ta haka, a bar mutane su yi gardama da bakinsu. Amma duk da haka ina roƙon marubutanmu, kowa ya samu wasa ko guda ɗaya wanda ba wanda ya yi odar shi, abin da ke cin ranshi ne kawai ya sa ya rubuta.

Da Hausa ya kamata a rubuta ko da Faransanci?

Wata ƙanwarmu daga jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ce ta fi matsa mini da wagga. Ƙanwata, ki tambayi kanki wa kike so ya zamna gabanki. In kunkur, wato gasa, za ki aika ƙasar waje, Faransanci ne. In kuwa mutanen Bagalam da Mokoyo da Sabon Gari kike so, kin san amsa. Manyanmu da yawa da Faransanci sunka rubuta, André Salifou ɗan Damagaram ya yi wasa a kan Sarki Tanimun wanda anka buga a 1973, kuma aiki ne babba, sai dai jikokin talakawan Tanimun nawa ne za su iya karanta shi?

A Kenya a 1977 Ngugi wa Thiong'o da abokin aikinshi Ngugi wa Mirii sun rubuta wasa da harshen Kikuyu, manoma da leburori na ƙauyen Kamiriithu sunka yi shi a filin da sunka gina da hannunsu. Gwamnati ta hana wasan, ta kulle Ngugi kusan shekara guda ba shari'a. Ya daɗe shina rubutu da Turanci kafin nan ba a kulle shi ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki nauyin da wasa ke yi in ya shiga harshen masu abin. Ga shi kuma tun 2025 Hausa ce anka ayyana harshen ƙasa a Nijar, to a ce wasannin da za a koyar da yara da su babu? Mu ne za mu rubuta su. Kuma ki rubuta da Hausarmu ta nan, kada ki ji kunyar anka da munka, ba dole sai kin ari bakin Kano ba.

Su wane ne marubutan zamani da ya kamata mu nema?

A gida, duk mai son teyatur ya san sunan Alfred Dogbé, wanda ya kafa ƙungiyar Arène Théâtre da bikin Émergences a Yamai, ya rasu a 2012 shina da shekara 50 ko bai ida cikawa ba. Ya horar da matasa da yawa kuma har yanzu ana ganin hannunshi a aikinsu. A Najeriya Ado Ahmad Gidan Dabino da anka fi sani da littattafan soyayya ya rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa, ciki har da Malam Zalimu.

In kana jin Faransanci ka bi sawun gasar wasan kwaikwayo ta RFI, rediyon Faransa, da anka fara a 2014. Julien Mabiala Bissila na Kwango ne ya fara ci, Hakim Bah na Gine ya ci a 2016, Sedjro Giovanni Houansou na Benin a 2018 da wasan da ya shafi masu tahiya ci-rani da iyayen da sunka bari a gida suna jira. A Burkina akwai Aristide Tarnagda. Ba don ka kwaikwaye su ba, don ka ga yadda mutanen da ke fama da irin matsalolinmu ke gina wasa da ƴan wasa kaɗan da kaya kaɗan. Wasu daga ciki in an nemi izini an maida su Hausa da kyau za su zamna daram a nan.

Me ya hana ku yi ta yin tsofaffin da anka riga anka sani?

Ba abin da ya hana, muna yi. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, da na wasu marubutan irin su Uwar Gulma da Kulɓa Na Ɓarna, duk makaranta ce, wanda bai karanta su ba bai fara ba. Sai dai lokacin da anka rubuta su ba waya, ba ƴan bindiga a dajin iyaka, ba yarinyar da aurenta ya mutu saboda hoto a WhatsApp. Wannan sai mai rai.

Wane irin batu ne kuke ganin ba a taɓa ba tukuna?

Suna nan birjik a bakin ƙofa. Rufe iyaka kaɗai ya isa wasa goma, na 2019 da Najeriya ta rufe da na 2023 lokacin takunkumi, ka tuna yadda Ɗan Isa ta yi tsit, ɗan kasuwar da kayanshi ke Jibiya bashi na Maradi, gida guda rabi nan rabi Katsina ana biki ba a iya zuwa. Ga ƴan'uwanmu da sunka gudo daga Zamfara da Sakkwato tun 2019 sunka sauka yankin Gidan Runji, mai gida ya raba hatsinshi da baƙi har rumbu ya ƙare, daga nan me ke faruwa tsakaninsu? Ga matan da ke tahiya Aljeriya da yara, kowa na tuna mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada a watan Oktoba na 2013, yawancinsu mata da yara ne. Ga manomi da makiyayi lokacin kaka. Ga mai digiri da ke tuƙa adaidaita shina ɓoye wa uwarshi.

Tarihi ma na nan, yadda Katsinawa sunka kafu a nan bayan jihadi, sarakuna irin su Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, da ambaliyar 1945 da ta sa gari ya tashi daga gulbi ya hau tudu. Ni dai da zan samu mai rubuta mini daren da ruwan ya shigo, tsohon da ya ce ba ya barin gidan ubanshi da ɗiyanshi da ke jan shi, da gudu zan karɓa.

Shawara guda, kada ka ɗauko batun gaba ɗaya. Ka ɗauki gida ɗaya da dare ɗaya.

Iyayenmu na cewa teyatur shashanci ne, musamman ga ɗiya mata. Me za mu ce musu?

Kada ku yi musu gardama, suna da dalilinsu, sun ga inda anka yi abin da bai dace ba da sunan wasa. Abin da mu muke yi, in yarinya za ta shiga, babba daga cikinmu ke zuwa gida ya gaida Baba da Inna, ya ba su takardar ko ya ba su labarin wasan duka, ya faɗi wurin repetisiyo da lokacin tashi, kuma muna tashi kafin magariba. Ranar wasa a ba su kujera a gaba. Nan ma rubutaccen wasa ya fi, don uba na iya sanin kowace kalma da ɗiyarshi za ta faɗa, ba a ce sai abin da ya zo baki ba. Kuma kwaikwayo ba baƙon abu ba ne gare mu, yaran da ke tashe cikin azumi me suke yi? Ƴan kama fa, da wasan kara na Damagaram? In iyaye sun ce a'a bayan duk wannan, a haƙura, kada a ɗauki ɗiyar mutane a ɓoye.

Ina kuma son mata su riƙa rubutawa, ba fitowa kawai ba. Kishiya da uwar miji da bazawara da muke gani a wasanni kusan duk maza ne sunka ƙaga su, kuma ana ganewa.

Ba mu da zaure, ba fitilu, ba kuɗi. Sai mu jira?

A'a. A Wagadugu akwai bikin Récréâtrales da Étienne Minoungou ya fara a 2002, wasanninsu cikin gidajen mutane ake yin su a unguwar Gounghin, a tsakar gida, iyalin na nan abinsu, kuma daga ƙasashe da yawa ake zuwa kallo. A jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma wurin wasansu da ƙasa anka gina shi da siffar gidan Bahaushe. Tsakar gida da zaure da gindin bango mun fi kowa su.

Abin lura shi ne tun wajen zaɓen wasa. Mai mutum huɗu zuwa shida ya fi mai mutum ashirin, don mutum ashirin ba za su taɓa haɗuwa repetisiyo rana ɗaya ba, wannan ya tahi gona wancan ya tahi kasuwar ƙauye. Wasan da zai shiga adaidaita ɗaya da kayanshi shi ne zai kai Madarunfa da Mayahi. Ku yi shi da la'asar da hasken Allah, in dole sai dare ku tanadi gurup, wato janareta, ko fitilun sola kada ku dogara da wutar kuran. Ku koya wa ƴan wasa ɗaga murya tun daga ciki, mikro guda da ake miƙawa hannu zuwa hannu na kashe wasa. Tsawon kuma kada ya wuce awa ɗaya da ɗan kai. Kuɗin shiga ko dala ashirin ne a karɓa, wanda ya biya ya fi zama ya saurara, yara kuma a san yadda za a yi da su a gaba a kan tabarma da babba guda mai lura.

In mun samu wasan wani, muna iya canza shi yadda muke so?

Ku tambaye shi tukuna. Wannan shi ne daɗin aiki da marubuci mai rai, kuna iya kiran shi ya zo ya zamna a repetisiyo, ya ji inda layi ke sarƙe wa ɗan wasa a baki ya gyara da kanshi. Yawancinsu murna suke yi. Abin da ba shi da kyau shi ne a cire sunan mutum, ko a juya ƙarshen wasan ya faɗi abin da bai nufa ba. A faɗi sunanshi kafin a fara, a sa a afish, in an samu kuɗi a ba shi rabonshi ko kaɗan ne, a kuma rubuta yarjejeniyar a takarda. Marubuta kuma ku je ku yi rajistar aikinku a BNDA, ofishin da ke kula da haƙƙin mawallafa a Nijar.

Ina da labari a kaina amma ban taɓa rubuta wasa ba. Ta ina zan fara?

Ƙanena, sayi kaye na dala arba'in ka fara da mutum biyu a wuri ɗaya, ɗaya na son wani abu yau ɗin nan, ɗayan ba zai iya ba shi ba. Rubuta shafi biyar kawai. Kada ka fara da gaisuwa mai tsawo da bayanin wane ne wane, ka shiga inda rigimar ta riga ta yi zafi, ƴan kallo za su kamo ka. Ka je tasha ko wurin mai nama ko layin famfo ka saurari yadda mutane ke katse juna, yadda ake tambaya a amsa da wata tambaya, yadda mai jin haushi ke yin maganar wani abu daban. In ka gama ka tara abokai ukku su karanta maka da ƙarfi, kai kuma ka yi shiru, kada ka yi musu bayanin komai, inda sunka yi tuntuɓe ka sa alama. Sai ka sake rubutawa, ka sake.

In ya kai shafi ashirin ka kawo wa kowace ƙungiya da ke kusa da kai, gidan matasa na garinku za su nuna maka su. Rubutun hannu ma muna karɓa in dai ana iya karantawa, ka sa lamba a kowane shafi, ka rubuta sunan mai magana da manyan baƙaƙe a gefe, kuma ka riƙe kwafi guda a wurinka kafin ka ba kowa.